Rabin Mataki Ƙasa

Ranar da ta fara ganinsa, kujerun ɗakin cin abinci na otal ɗin suna kife a kan tebura, wata mata tana goge ƙasa da ruwan sabulu. Ƙarfe uku na rana ne, lokacin gwajin sabuwar mawaƙiya. Makaɗan su huɗu ne: mai ganga, mai jita, mai busa saksafon, sai shi a bayan piyano, hannun rigarsa a naɗe.

Tsofaffin waƙoƙin soyayya suke yi, irin waɗanda iyaye suka saurara a faifai, amma da salon jaz: kowa ya san waƙar, sai dai ba a rera ta yau yadda aka rera ta jiya. Ta zaɓi wata mai labarin mace da ke jiran jirgin ƙasa. Kiɗa ya tashi, wurin shigarta ya zo ya wuce, ita kuwa ba ta buɗe baki ba sai da ta ga dama. Mai busa ya ja tsaki. Mai piyano ya ɗage yatsunsa, ya jira ta, ya tare ta daidai inda ta sauka. A ƙarshen waƙar akwai wata doguwar murya can sama. Ta hau ta kamar tana hawa matakalar gidansu, har mai goge ƙasa ta tsaya da guga a hannu.

"Kullum haka kike makara?" ya tambaye ta yana murmushi.

"Ba makara ba ce. Matar da ke jiran jirgi ina take sauri?"

Daga ranar ya laƙaba mata 'Yar Jinkiri. Ita ma ba ta bar shi haka ba, ta sa masa Yatsu.

Kowace Lahadi suna yi wa masu cin abincin rana wasa, sauran ranaku kuma atisaye. Kafin wata biyu saƙonni sun fara yawo.

"'Yar Jinkiri, yau kin ja kalmar ƙarshe har na manta ina kiɗa. Ki ji tausayina, ina da aiki a hannu."

"Yatsu, ka daina kallona ka kalli piyano."

"Piyano na haddace shi. Ke ce kullum sabuwa."

Mai busa shi ma ya gwada sa'arsa, da turare da kawo mota bakin ƙofa. Ta ce masa ya yi haƙuri. Ya yi dariya ya ce ba komai, amma wallahi akwai komai.

Babanta tsohon mawaƙi ne. Irin waɗannan waƙoƙin ya rera shekara ashirin kafin a yi masa aiki a maƙogwaro, yanzu sai raɗa, sai an matso kusa ake jin abin da yake cewa. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan, da wani tsohon piyano da aka lulluɓe da zane aka ɗora masa rediyo. Da ta gaya masa wanda take so, ya ajiye kofin shayinsa.

"Mai piyano?" ya raɗa. "A'a."

"Baba, ko ganinsa ba ka yi ba."

"Na san su. Lokacin da muryata ta fara lalacewa, nawa mai piyanon ya riga ni ji. Maimakon ya gaya mini, sai ya riƙa sauke kiɗan ƙasa a ɓoye, rabin mataki, rabin mataki, don kada in ji kunya. Shekara guda ina jin kaina garau. Da na je wurin likita, ya ce ina ka tsaya tuntuni?" Ya dafa tabon wuyansa. "Wai ƙauna ce. Ga ƙaunar nan."

Ta fita tana kuka, tana cewa a ranta ai Yatsu daban ne.

To, bayan wata uku ta yi mura, murar ta tafi, dishewa ta zauna. Ta sha zuma da ruwan ɗumi ta ci gaba da aiki. Abin mamaki, doguwar muryar nan ta ƙarshe ba ta taɓa gagararta ba, har tana yabon kanta.

Wata Laraba bayan atisaye, Yatsu ya fita amsa waya. Mai busa yana goge saksafon ɗinsa, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Gaskiya mutumin naki yana ƙoƙari. Sati bakwai yana wahalar da mu, yau a sauke kiɗa rabin mataki, gobe a ƙara saukewa. Ya ce kada wanda ya gaya miki."

Ta dubi mai ganga, ya sunkuyar da kai. Ta je gaban piyano ta danna inda ta saba farawa, ta ɗaga murya. Abin da ya fito ko ita ba ta gane shi ba.

Yatsu ya shigo ya tsaya cak.

"Gaskiya ne?"

"'Yar Jinkiri, saurare ni. Na ga yadda kike farin ciki in kin kai ƙarshen nan, na kasa..."

"Ka kasa! Kowa a ɗakin nan ya san muryata na mutuwa, ni kaɗai ce sakarya mai murmushi a gaban makirfo? Na gaya maka labarin babana da bakina, ka zauna kana girgiza kai, ashe kana yi mini irinsa!"

Ta ɗauki jakarta. Ta fice, bai bi ta ba.

Likita ya leƙa maƙogwaronta ya ce wasu 'yan ƙulli ne suka fito saboda tilasta wa murya. Da ta zo da wuri, hutu kaɗai ya isa. Yanzu sai an cire, sannan sati shida ba magana, kuma bai yi alkawarin muryar sama za ta dawo ba. Baba bai ce na gaya miki ba. Da ma ya faɗa, da ya fi mata sauƙi a kan shirun da ya yi.

Bayan an yi mata aikin, gidan ya koma na mai raɗa da mai rubutu a takarda. Ta tsani waƙa, ta tsani rediyo, ta tsani Yatsu, kuma ta fi tsanar yadda take duba waya duk bayan minti biyar. Saƙonsa ɗaya ne tak:

"Ban da hujja. Tsoron ɓacin ranki na ji fiye da tsoron ciwonki, kuma wannan son kai ne. Ba zan dame ki ba. Amma zan zo in gaya wa Baba da bakina."

Ya zo kuwa, da la'asar. Tana bayan labule tana ji. Ya durƙusa ya faɗi komai, sati nawa, mataki nawa, bai rage ba, bai ɗora wa kowa ba.

Baba ya raɗa, "Nawa mai piyanon har ya mutu bai taɓa zuwa ba."

Ya kore shi duk da haka. Washegari ya dawo, aka kore shi. A rana ta tara Baba ya sauke rediyon, ya yaye zanen, ya nuna masa piyanon da ya yi shekaru ba a taɓa ba. Yatsu ya kwashe kwana huɗu yana gyara shi.

Ranar da likita ya ba ta izinin magana, ta fito falo ta tsaya kusa da piyanon, ba ta gaishe shi ba.

"Waƙar jirgi," ta ce. "Inda muka saba."

Ya kaɗa. Ta bi waƙar lafiya har ƙarshe, ta miƙa wuya za ta hau, muryar ta tsage. Ta dube shi, hawaye na zuba, tana jira ta ji ko zai ce saura kaɗan.

"Ba za ki kai ba," ya ce. "Ina jin ba za ki sake kaiwa ba. Mataki biyu ƙasa ne wurinki yanzu."

Kai, ta yi kuka ranar, kukan da ba ta yi ko a asibiti ba. Da ta gama ta share fuska ta ce, "To sauke, Yatsu. Ina ji, ina gani."

Waƙar ta fito da kauri, da ɗaci, kamar matar ta gane jirgin ba zai zo ba amma ta ƙi barin tasha. Ba ta kai ta dā kyau ba, kada wanda ya yaudare ku. Sai dai Baba ya cire tabarau yana goge ido.

Otal ɗin bai jira ta ba. Mai busa ya kawo wata yarinya mai zaƙin murya, ita ke yin Lahadi yanzu. Yatsu ya ajiye aikin, shi da ita suka koma yin wasa a wani ƙaramin wurin shan shayi mai tebur takwas.

An ɗaura aure bayan wata huɗu. A wajen walima aka roƙi amarya ta yi waƙa ɗaya. Ango ya zauna gaban piyano, ya jawo makirfo, ya ce a gaban jama'a, "Amarya, na sauke mataki biyu. Kin yarda?"

Mutane suka yi dariya, sun zaci wasa ne. Mutum uku ne kawai ba su yi ba.

"Na yarda," ta ce. Wurin shigarta ya zo ya wuce, ya ɗage yatsunsa ya jira ta.

Da aka gama, Baba ya yafito su. Suka durƙusa suka kai kunnuwa kusa da bakinsa.

"Duk ranar da za ka sauke mata wani abu, ka faɗa mata," ya raɗa. "Ko zai yi zafi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Suka ce amin, ita da sabuwar muryarta ta ƙasa.