Kujerar Da Aka Ba Akwati

Auta na tsugune tana goge wa mahaifinta baki da tawul sai ga sallamar Direba, mai tuƙa su a da, a ƙofa. Ɗaki ɗaya suke haya yanzu, su da ke da bene mai falo uku kafin yaƙi ya ci garinsu.

"Kada ya shigo," in ji tsohon, harshensa na harɗewa, don ɓarin jikinsa ya shanye.

"Haba Dadi! To wa zai goya ka zuwa asibiti? Ni?"

Ta san abin da ke cin sa. Ranar gudu, Direba ya roƙi a sa mahaifiyarsa a kujerar baya. Dadi ya ce akwatin tufafinsa ne zai zauna nan, tsohuwa ta jira a dawo a ɗauke ta. Kafin yamma bam ya sauka a unguwar. Kuma wannan bawan Allah shi ne Dadi ya taɓa wanke wa allo don ya ce yana son Auta: "Tuƙi na ɗauke ka yi, ba haɗa iri ba!" Ita kuwa tana son sa kamar ranta, amma ta rantse ba za ta yi aure babu albarkar uba ba.

Direba ya shigo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya juya masa baya.

"Ranka ya daɗe, hau."

Sai tsohon ya fashe da kuka. "Gara ka zage ni, yaro! Ni na kashe uwarka, amma kullum kai ke ɗauka ta!"

Direba ya waiwayo ya dube shi.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, na sha wuya kafin zuciyata ta sauko. Amma wa ya tada motar, ranka ya daɗe? Ni ne. Ina kallon Inna ta madubi har muka sha kwana. In ban yafe maka ba, ta ina zan fara yafe wa kaina?"

Wayyo! Auta ta toshe baki, hawaye shaɓe-shaɓe. Wallahi irin wannan namiji sai an tona.

Tsohon ya share fuska da hannunsa mai lafiya.

"Auta, miƙo mini hulata. Ba zan hau bayan surukina kai ba hula ba."

Ta miƙa masa, tana kuka tana dariya.

Jama'a, kada arziki ya sa ku raina mutum. Wanda kuka hana wa kujera yau, wataƙila a bayansa za ku ƙarasa tafiya.