Moɗar Makaranta

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani yaro mai suna Tanimu, mai ciwon farfaɗiya. Ranar da ya faɗi a aji, iyayen yara suka sa aka kore shi. Wai ciwon a yawu yake, ga shi moɗa ɗaya ce a randar makaranta.

Abin ya tsaya wa Kande, shugabar ajinsu, a rai. Ta tara 'yan ajin suka je wurin hedimasta.

Ta ce, "Malam, a maido mana da Tanimu."

Ya ce, "To, moɗar fa?"

Suka je wurin mai unguwa. Shi ma ya ce, "To, moɗar fa?"

Sai Kande ta kira Tanimu gaban dattawa, ta ɗebo ruwa ta miƙa masa. Ya sha, ta karɓa ta shanye sauran. 'Yan ajin suka bi layi, kowa ya sha.

Dattawa suka jefar da moɗar, suka ce, "A jira a gani."

Damina ta wuce, yara lafiya lau. Kande ta koma, aka ce, "A jira a gani." Wata daminar ma haka.

Ranar da suka gama makaranta, Kande ta iske Tanimu a bayan katanga yana kiwon awaki, ya yi tsawo har ya fi hedimasta.

Ya ce, "Kande, har yanzu ba su gama gani ba?"

Ta sunkuyar da kai.