Bangon Da Ke Rage Rana

Ranar da aka haɗa su aikin ƙarshen zango a sashen zanen gine-gine ta fara lura da shi: dogo, tabarau mai kauri, hanci kusan a jikin kwamfuta. Fuskar gini za su zana da manhajar nan mai bin lissafi, wadda in ka ja lamba ɗaya sai ramukan da haske ke shiga ta bangon duka su buɗe ko su tsuke.

"Mai tabarau, allon za ka shige?" ta tsokane shi.

"Rage mini hasken dai, Sarkin tsiwa."

Tsokana ta zama so tun ba su ankara ba. Kullum yana tsuke ramukan, tana buɗewa. Ita a zatonta gardama ce kawai.

Sai ya ɗauke ƙafa. Ta tura masa saƙo: "In ka gaji da ni, ka faɗa mini." Shiru. Ta yi kuka har ta gaji kafin muryarsa ta shigo wayarta: "Ba share ki na yi ba, rubutu ne ba na iya karantawa. Likita ya ce ganin tafiya yake, ba zai dawo ba. Rana kamar allura take shiga idona. Ki nemi wani abokin aikin, da wani mijin."

Mahaifinta, mai walda, ko kallonta bai yi ba da ta je masa da maganar aurensu. "Ba zan ba da ke ki ƙare a jan sanda ba. Ga ɗan ƙanwata mai kantin magani yana jira."

Ranta ya yi baƙi ƙirin, amma ba ta saki aikin ba. Tana faɗa masa abin da ke allo, yana faɗa mata lamba. Da za a yanka samfurin a ƙarfe, ta riƙo hannunsa har shagon Baba.

Ya bi ramukan da yatsa. "Layin nan ya yi faɗi, Baba. Da la'asar zai ƙona ido."

Baba ya tsaya yana dubansa. Shi ma walda ta sha sa shi kwana da hawaye, ido kamar an zuba yashi. Ya sake yanka layin.

Sun ci aikin. Idon bai jira su ba. Ranar ɗaurin aurensu duhu da haske kaɗai yake bambancewa.

A tagar ɗakinsu suka tarar da ragar ƙarfe, ramukanta daidai da lissafinsa. Baba ne ya kafa ta da hannunsa. Daga bakin ƙofa ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri da juna," ya juya da sauri.

Ango ya cire baƙin tabarau, ya fuskanci tagar.

"Babu zafi," ya ce a hankali. "Sai dai ba na ganin ki, Sarkin tsiwa."

Ta kama hannunsa ta ɗora a fuskarta. "Bi a hankali, yadda ka bi ramukan nan."