Akushin Da Ya Fito A Rufe

"Ku kwanta! Wanda duk ya ɗaga kai ya ga Lahira!"

Rana tsaka ce, a burtalin da ya taso daga Kebbe zuwa kasuwar Tambuwal, shekara biyu bayan samun mulkin kai. 'Yan fashi uku ne, fuskoki naɗe da rawani. Sambo, ubangidansu, yana riƙe da bindigar toka. Na'iya da Lauwali da adduna. Masu koren shanu suka zube ƙasa, sai wani tsoho, Almu, ya ɗaga sanda.

Daram! Sambo ya sake masa wuta a ƙirji.

Kuwwa ta tashi. Manoma suka fito da fartanyu ta ko'ina.

"Ku tare su, ni in kora shanu!" in ji Sambo. Ya jefar da bindigar a gabansu.

Wawaye, suka tsaya tarewa! Shi ya shige daji da shanu, su kuwa aka yi musu dukan kawo wuƙa, aka ɗaure su sai Tambuwal.

Sajan Ladan na 'yan doka gwanin dara ne, kuma yadda yake wasa da 'ya'yan dara haka yake wasa da mutane. Babu mai shaidar da zai iya nuna wanda ya yi harbin. Sai ya raba su, kowa da ɗakinsa, tsakar gida a tsakani.

"Saurara, Na'iya," in ji shi. "In kun yi shiru ku biyu, ba ni da mai harbi, ɗauri kaɗan ne ku fita. In ka faɗi, Lauwali ya yi shiru, kai ka tsira, shi igiya. In kuwa ya riga ka..." Ya ɗage kafaɗa.

"Nono guda munka sha ni da Lauwali. Ba shi faɗin komi."

"To, Allah shi sa."

Kowane ɗan kaso ya san ƙa'idar gidan nan. Gabza a ƙwarya ita ce abincin kowa. Akushi daga gidan Sajan kuwa ba ya zuwa sai ga wanda ya buɗe baki.

Washegari da azahar Na'iya yana leƙe ta taga, sai ga ɗan doka ɗauke da akushi. Ƙamshin man shanu da nama ya bugi hancinsa. Akushin ya wuce ƙofarsa, ya shiga ɗakin Lauwali. Can an jima ya fito, faifai a kai.

Ya shiga lissafi. In Lauwali bai faɗi ba, me ya kai akushi? In ya faɗi, shiru igiya ce a wuyan Na'iya. In ma bai faɗi ba, ai mai magana shi ke tsira. Ta ko'ina ya juya lissafin, magana ce ke cin wasa. Shegen lissafi, bai taɓa gaya masa ya nemi a ɗaga faifan ba.

Ya dinga dukan ƙofa. "Sajan! Sajan! Lauwali ne ya yi harbi! Na rantse!"

Sunan Sambo bai fito ba. Sambo yana waje, kuma ya san gidan uwar kowa.

A gaban shari'a Lauwali bai ce uffan ba, ko da aka yanke masa hukuncin kisa. Ran da za a wuce da su Sakkwato aka zaunar da su a bayan mota guda, mari a ƙafa. Na'iya ya kasa ɗaga ido.

"Yaya," in ji Lauwali a hankali, "tuwon nan ya iske ka?"

"Wane tuwo?"

"Wanda anka kawo mani. Ban taɓa shi ba. Na san ba ka jimirin yunwa, na ce su kai maka."

Na'iya ya kurma ihu har direba ya taka birki.

Almu yana kabari. Lauwali ya sha igiya kan harbin da bai yi ba. Sambo ya sayar da shanunsa lafiya lau, Sajan ya sami ƙarin igiya a kafaɗa. Na'iya kuwa ya ci wasa, wai! Ya gama ɗaurinsa ya koma Kebbe, inda tsohuwar da ta shayar da su biyun take zaune a bakin ƙofa.

Ta dube shi, ta leƙa bayansa. "Ina ƙanenka?"