Ƙwan Da Gwaggo Ladidi Ta Ɗauko

Harira tana tsakar gida tana tsinke zogale a faranti sa'ad da Gwaggo Ladidi ta faɗo gidan ba ko sallama, ta wuce kai tsaye rumfar da Baba yake alwala. Yayar Baba ce, kuma ita ya aika unguwar Malali ta dubo gidan su Nazifi, saurayin Harira. Manyansa sun riga sun kawo gaisuwa, abin da ya rage sa rana kawai.

Malam Ila, mahaifin Harira, mai sayar da yadi ne a kasuwa, mutum ne mai ƙin hayaniya. Ya san sana'ar Nazifi kiwon kunkuru ce da damo, yana sayar wa gidajen namun daji da makarantu. Bai so abin ba, amma ganin yaron ya yi digiri a kan dabbobi, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai ya yi shiru. Binciken ma don cika al'ada ya sa a yi.

Gwaggo ta kwance bakin mayafinta. Ƙwai ne fari, zagayayye, ba irin na kaza ba, a samansa an ja layi biyu sun gitta juna, ga wasu lambobi a gefe. Ta ce uwar yaron ta tashi kawo mata ruwa, ita kuma ta leƙa wani ɗaki a bayan gida, ta tarar da robobi cike da yashi mai danshi, an binne ƙwai rabi a ciki rabi a waje, kowanne da rubutu a kansa.

"Ila, ƙwai da rubutu, a binne a ƙasa. Sai an faɗa maka mene ne? Shi ya sa yarinya ta ƙi kula kowa sai shi. Ashe kama ta aka yi."

Baba ya daɗe yana kallon ƙwan bai taɓa shi ba. Daga nan ya ce maganar aure ta tsaya, kada Nazifi ya sake tako masa gida, ƙwan kuma a ƙone shi gobe in an samu malamin da zai yi addu'a a kai.

Harira ta shige ɗaki ta yi kuka ya ishe ta, sannan ta kira Nazifi a waya. Da ta gama ba shi labari sai ya tambaye ta wane gefen ƙwan ne yake kallon sama yanzu.

"Ana maganar an fasa aurenmu, kai kana tambayar gefen ƙwai?"

Ya ba ta haƙuri, ya yi mata bayani. Kaza tana juya ƙwanta kullum, amma ƙwan kunkuru ba a juya shi, domin ɗan yana zaune ta gefen sama tun farko, in aka kifa shi yana iya mutuwa. Shi ya sa masu kiwo suke sa alama da fensir, lambobin kuma ranar da uwar ta saka ƙwan ne. Ya ce wannan zubin ya kusa ƙyanƙyashewa, wataƙila ya jure, wataƙila kuma girgizar Keke daga Malali zuwa unguwarsu Harira, Abakpa, ta riga ta kashe shi. Ya ce zai turo bidiyo a nuna wa Baba. Harira ta ce ya bari. Ta san mahaifinta: duk abin da ya fito daga bakin wanda ake zargi, kare kai zai ɗauke shi.

Bayan la'asar ta je ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ban ce ka yarda da ni ba, ban ce ka yarda da shi ba. Ka bar ƙwan a gidan nan, a gaban idonka. In wata ya ƙare ba abin da ya fito, na haƙura da shi, ba za ka sake jin sunansa a bakina ba."

Gwaggo ta ce a ji fa, asirin ne yake magana. Baba kuwa abin da ya fi tsoro a duniya shi ne ya ɗauki alhakin wani. Ya yarda, da sharaɗin ba waya ba saƙo tsakaninsu har sai an gani. Harira ta miƙa masa wayarta da kanta.

Umma, mahaifiyar Harira, ta ba da tsohuwar langa. Harira ta zuba yashi, ta yayyafa ruwa, ta dasa ƙwan alamar tana kallon sama, ta ajiye a sito kusa da bangon kicin inda ɗumi yake. Ta ɗora langar a kan faranti mai ruwa saboda kiyashi. Gwaggo ta aika aka kwaso mata kaya ta tare a gidan, wai ba za ta bar ɗan'uwanta da wannan abu ba. Kullum da safe sai ta tsaya a ƙofar sito ta yi tofi, sannan ta leƙa. Ita mai kiwon kaji ce tun tana amarya, kuma duk tsoron da take yi, hannunta ƙaiƙayi yake ta juya ƙwan. Sau biyu Harira tana riƙe mata hannu.

Kwanaki suka ja. Labari ya fita unguwa, ƙawaye suna zuwa jaje, wasu kallon ƙwan ne ya kawo su. Ɓawon ya dushe, ya yi ɗige-ɗige. Gwaggo ta shinshina ta ce bara-gurbi ne, ta san shi ko a mafarki. Harira kanta ba ta da tabbas, ba kuma wanda za ta tambaya. Ta ci gaba da yayyafa ruwa, ta ci gaba da yi wa Baba shayinsa, ba ta ɓata fuska ba ko sau ɗaya a gabansa. Ramar da ta yi kam kowa ya gani.

Wata ya kusa ƙarewa, wata safiya Gwaggo ta je tofinta, sai aka ji ta ƙwala kira:

"Ila! Zo ka ga ikon Allah, abin nan motsi yake!"

Ɓawon ya tsage daga gefe, wani ɗan baki yana turo shi a hankali. Baba ya riga ya sa hula zai fita kasuwa, sai ya jawo kujera ya zauna a ƙofar sito. Abin ba sauri yake ba. Ya fito da kai ya huta, ya fito da hannu ɗaya ya sake hutawa. Gwaggo ta miƙa yatsa za ta ɓare masa ɓawon, Baba da kansa ya ce ta bar shi. Sai washegari da hantsi ya gama fitowa, kunkuru ne ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannun Harira ba, da sauran gwaiduwa manne a cikinsa. Gwaggo ta sunkuya ta duba gwaiduwar, ta ce haka ɗan tsako yake in ya fito da wuri. Muryarta ta sauka sosai.

Baba ya yi istigfari, ya shiga ɗaki ya ɗauko wayar Harira ya ce ta kira masa yaron.

Nazifi ya iso kafin azahar, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gaishe su. Baba ya ce an zarge shi da abin da bai yi ba, kuma an ɗauko masa kaya ba izini, ya roƙe shi ya yafe. Nazifi ya ce ba komai, ai iyaye ne, bincike haƙƙinsu ne. Gwaggo ta ce laifinsa ne ma da bai rubuta "kunkuru" da manyan baƙaƙe ba, sannan ta tambaye shi me za a ba jaririn ya ci. Ya ce sai ya gama shanye gwaiduwarsa, daga nan ciyawa da ganye. Ta ce to, wannan dai ya fi kaji sauƙin riƙo.

Baba ya dubi Nazifi. "Ka gaya wa manyanka su zo ranar Juma'a a sa rana." Ya juya wajen 'yarsa. "Ke kuma, Allah Ya yi miki albarka. Kin fi ni haƙuri."

Harira ta rufe fuska da mayafi, Umma ta rangaɗa guɗa daga kicin.

Da Harira ta yi rigima ko ta bi bayan gida tana waya a ɓoye, da ta ƙara wa zargin ƙarfi, ta kuma rasa yardar mahaifinta. Ta riƙe ladabinta, ta nemi a jira a gani, ta samu mijin da take so da albarkar iyaye gaba ɗaya. Iyaye kuma su yi bincike, amma in sun ga abin da ba su gane ba, su tambayi mai shi kafin su yanke hukunci.