Tukunyar Inna a Bakin Kalmalo

A kasuwar Illela Mukhtar ya fara ganin Na'ima, tana tsare shagon barguna na mahaifinta, Alhaji Malami. Sau uku yana taya bargo ɗaya bai saya ba.

"Malam, bargo kake so ko hira?"

"Mai bargon."

Ta rufe fuska da mayafi. Daga nan kullum amininsa Hamidu ke raka shi zance.

Wata Asabar cikin sanyi Mukhtar da abokansa suka shirya zuwa tafkin Kalmalo, su biyar har da Hamidu. Mukhtar ya ga Turawa a waya suna shiga ɗakin tururi, su fito su faɗa ruwan sanyi. Ya ce ai sirace ne, sai sun gwada. Na'ima ta saci jiki ta ara masa babbar tukunyar Innarta mai kunne ɗaya, cike da ganyen darbejiya.

Suka kafa tamfol, suka shigar da tukunyar tana tafasa, suka rufe kansu. Da zafi ya ishe su suka fito a guje, idanu jajir, suka afka tafki suna ihu.

Ranar Litinin saƙon Na'ima ya shigo:

"Nurina, Baba ya ce kada ka sake zuwa. An turo masa bidiyonku, hayaƙi na fita daga tamfol. Wai wiwi kuke sha. Ga shi ka gani. Na kasa cin abinci."

Ya kalla ya sake kallo. Mutum huɗu suka fito daga tamfol. Hamidu ne ya ce ba ya son ruwa, zai zauna ya tsare wayoyi. Ashe shi ya ɗauki bidiyon.

Ya iske shi a tashar babura.

"Mi na yi maka, Hamidu?"

Hamidu bai ɗago ba. "Ni na fara ganinta, ka riga ni magana. Wata huɗu ina kan dakali ina jin dariyarku."

"Tun muna yara kwano guda muke ci."

Mukhtar ya juya ya tafi.

Can gida Na'ima ta nuna wa Inna Asta bidiyon tana kuka.

"Tsaya! Wannan ba tukunyata ba ce? Kwana uku ina nemanta!"

Ta miƙe da wayar har turakar mai gida. "Alhaji, da tukunyar nan na yi maka sirace bara. In wiwi ne, kai ma ka sha."

Alhaji ya daɗe yana kallo. "A ce ya zo. Ya taho da tukunyar."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Hamidu bai zo ba, Mukhtar kuma bai ba kowa matsayin babban aboki ba. Ana ta addu'a, shi yana waiwayen ƙofa.

Da aka kai amarya ya tarar da tukunyar cikin kayan ɗaki.

"Inna ta bar mana," in ji Na'ima, ta riƙe hannunsa. "Daina duban ƙofa, Nurina. Ga ni."

Ya rufe ƙofar. "Allah Ya bar mu tare."

"Amin."