Idon Inji

An yi wata mai yin allunan ado, ba ta iya zama wuri ɗaya. A shagonsu na tarayya akwai inji mai yanka katako da haske. Ƙa'idar shagon, wanda ya gama ya goge idon injin, don hayaƙi na dusashe shi.

Kullum tsohon kafinta kan ce, "'Yata, goge idon."

Kullum takan ce, "Baba, sauri nake yi, na baya ya goge."

Ran nan ita ta rufe shago, washegari ita ta buɗe. Ta ɗora katakonta na ƙarshe, mai aiki na jira. Hasken ya kasa ratsawa, ya babbake katakon ƙurmus.

Tsoho ya miƙa mata ƙyalle, ya ce, "'Yata, yau ke ce ta bayan."